Malam Aminu Kano da rigimar tikitin gwamnan Kano

Ranar 13 ga watan Agustan 1983 mutanen jahar Kano suka fita zaɓen gwamna. Manyan ƴan takara uku ne. Akwai Muhammadu Abubakar Rimi, wanda ya mulki jahar kusan shekara huɗu, a wannan karon ɗauke da tutar NPP. Akwai Aminu Wali na NPN, jam'iyyar da ke riƙe da gwamnatin tarayya. Sai Sabo Bakin Zuwo na PRP, ɗan majalisar dattawa da ƴan boko ke yi wa dariya saboda ƙarancin karatunsa na zamani. Sabo ne ya lashe zaɓen. Amma mutumin da ya ja masa ƙuri'un ba ya cikin jerin ƴan takara, ba ya ma duniyar: kusan wata huɗu ke nan da aka binne Malam Aminu Kano a gidansa da ke unguwar Gwammaja.

Malam Aminu bai taɓa yin gwamna ba. Sau ɗaya sunansa ya kai akwati a takarar shugaban ƙasa, ya zo na huɗu. Duk da haka mutum uku ne suka ci zaɓen gwamna da tikitin jam'iyyarsa, kuma gardamar wanda ke da iko da wannan tikiti, shin jam'iyyar da ta bayar da shi ko kuwa gwamnan da ya ci zaɓe da shi, ita ta cinye shekarun ƙarshe na rayuwarsa.

Mai karatu a Nijar na buƙatar ɗan bayani a nan. Gwamnan Maraɗi ko na Damagaram ko na Tawa naɗa shi ake yi daga Yamai, a kuma sauke shi daga can. A Najeriya, tun daga tsarin mulkin 1979, zaɓen gwamna ake yi. Yana da kasafin kuɗinsa, da kwamishinoninsa, da majalisar dokokin jaha a gefensa, kuma shi ke sa hannu a naɗin sarki ko tsige shi. Tsarin mulkin bai yarda mutum ya tsaya takara da ƙashin kansa ba, dole sai wata jam'iyya ta tsayar da shi. Saboda haka a jahar da jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida, ranar fidda gwani ake sanin gwamna, ranar zaɓe tabbatarwa ce kawai. Haka Kano take a 1979.

Ɗan gidan alƙalai

An haifi Aminu ranar 9 ga Agustan 1920 a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne da ya yi aikin mufti a kotun alƙali, daga zuriyar Fulanin Genawa da aka sani da ilimi da alƙalanci. Ke nan ba daga ƙauye ya taso ba, ba kuma ɗan talaka ba ne irin waɗanda ya ƙare rayuwarsa yana karewa. Daga cikin gida ya san yadda fada da kotu ke aiki, abin da ya sa sukarsa ta fi yi wa masu sarauta zafi.

Ya fara da karatun allo, sannan lakwal: firamaren Shahuci, Midil ta Kano, sai Kwalejin Kaduna inda ya gama a 1942. Aka tura shi koyarwa Bauchi. A can ya haɗu da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa ta fuska daban-daban: Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda zai zama firaministan Najeriya kuma abokin hamayyarsa na siyasa, da Malam Sa'adu Zungur, malami kuma marubucin waƙoƙi, wanda ya zame masa uban gida a tunani. Tare suka riƙa zama a wata ƙungiyar muhawara inda ake tattauna abin da ba a saba furtawa a fili ba, wato yadda En'e ke tafiyar da jama'a.

En'e ita ce hukumar gargajiya da Turawan Ingila suka yi mulki ta hannunta. Faransawa a wannan ɓangaren iyaka sun rage wa sarakuna ƙarfi, suka tara iko a hannun kwamanda. Ingilishi kuwa sun bar wa sarki kotunsa, da ƴan dokarsa, da gidan yarinsa, da baitulmalinsa, da karɓar haraji da jangali. Talakan da hakimi ya zalunta, kotun da zai kai ƙara ta uban gidan hakimin ce. Wannan tsari Aminu ya sa wa ƙahon zuƙa, ba sarauta a karan kanta kaɗai ba, har da aikin tilas, da gaisuwa, da ƙwace, da ɗaurin da babu dalili.

A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa. Bayan dawowarsa ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948, aka kuma ba shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato. Bai daɗe ba. Ranar 8 ga Agustan 1950 wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda aka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Kafin ƙarshen shekarar Aminu ya ajiye aikin gwamnati ya koma cikinsu, a 1953 ya zama shugabanta.

Kalmar sawaba ba baƙuwa ba ce a Nijar. NEPU ta sa ta a kan sanarwar manufofinta tun 1950, ƴan shekaru bayan haka ta zama sunan jam'iyyar Djibo Bakary. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958 da haramta Sawaba a 1959, ƴan jam'iyyar da dama da suka tsallaka iyaka sun samu masauki da kariya a wajen ƴan NEPU a Kano. Tela, da direba, da ɗan kasuwa mai ƙaramin jari, da almajiri: mutanen da suka cika jam'iyyun biyu kusan iri ɗaya ne.

Darasin 1951

Zaɓen farko da NEPU ta shiga shi ne na 1951, kuma wanda ke son fahimtar Malam Aminu sai ya tsaya a kansa. Ba zaɓe ne na kai tsaye ba, hawa-hawa ne. Masu biyan haraji su zaɓi wakilai a unguwa ko ƙauye, wakilan su zaɓi wasu a gunduma, a ci gaba da tacewa har a kai matakin lardi, inda ƴan tsiraru za su fitar da waɗanda za su tafi majalisa a Kaduna. A matakin ƙasa, inda talaka ke da ta cewa, NEPU ta yi rawar gani a birnin Kano. Amma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, kuma duk hawan da aka yi, idon hakimi na ƙara kusantar mai zaɓe. Da aka gama tacewa, ƴan NEPU da suka ci a ƙasa sun zube a hanya, kujerun suka tafi ga mutanen fada, waɗanda suka taru a NPC ta Sardauna Ahmadu Bello.

Daga nan NEPU ta riƙe buƙatu biyu da ba ta saki ba: zaɓen kai tsaye cikin sirri, da ƙuri'a ga kowa, har da mata. Na farkon ya samu kafin ƴancin kai. Na biyun ya ɗauki lokaci mai tsawo, don matan Arewacin Najeriya ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai a 1979. A tsakanin nan ƴan jam'iyyar sun sha wuya. An yi musu bulala, an ɗaure su a kotunan alƙalai bisa laifin zagin sarki ko taro ba izini, an sako musu ƴan daba da aka yi wa laƙabi da ƴan mahaukata. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga gidan yari fiye da sau goma.

Shi kansa Malam ya faɗi zaɓen 1954 a hannun Maitama Sule, ya ci na 1959 ya tafi majalisar wakilai a Legas, ya sake rasa kujerar a 1964. Bayan sojoji sun karɓi mulki, Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi kwamishinan tarayya a 1967, ya riƙe ma'aikatar sadarwa, daga baya ta kiwon lafiya, har 1974. Ya fito daga gwamnati ba tare da dukiya ba. Wannan ne jarinsa mafi girma a siyasa, kuma ko abokan hamayyarsa ba su taɓa iya taɓa shi ta nan ba.

Mabuɗi da jahohi biyu

Da gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa a Satumban 1978, Malam Aminu na cikin manyan Arewa da suka fara zaman da ya haifi NPN. Bai daɗe a ciki ba. Ya ga tsoffin ƴan NPC da ƴan kasuwarsu su ne masu gidan, muƙamin da aka ware masa kuma bai kai matsayinsa ba. Ya fita ya kafa PRP, Jam'iyyar Ceton Al'umma, mai alamar mabuɗi. Tana cikin jam'iyyu biyar da hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa rajista.

PRP ta haɗa mutane iri biyu da ba su gama sanin juna ba. Akwai tsoffin ƴan NEPU, waɗanda suka sha ɗauri da duka, suna ganin jam'iyyar gadonsu ce, Malam kuma ubansu. Akwai kuma sabon jini: malaman jami'a daga Zariya da Kano, ma'aikatan gwamnati, akantoci, ƴan ƙwadago, masu karatun gurguzu, waɗanda ke girmama Malam amma suna kallon jam'iyyar a matsayin makamin juyin juya hali. Tsoffin ke da jama'a. Sabbin ke da takardun da ake buƙata don riƙe ofis.

A wancan lokaci babu jam'iyyar da ke kiran dukkan ƴaƴanta su yi layi su fidda ɗan takara. Wakilai da shugabanni ke zama su tsayar, kuma a PRP babu zaman da zai tsayar da wanda Malam bai sa wa albarka ba. A Kano tun farko Injiniya Salihi Iliyasu aka tsayar, shi kuwa Abubakar Rimi majalisar dattawa ya nufa. Sai FEDECO ta hana Salihi takara, aka ɗauko Rimi, mai shekara 39, mataimakin sakataren jam'iyya na ƙasa, mai baki da farin jini a wajen matasa. Wato gwamnan da Kano ta fi tunawa da shi a jamhuriya ta biyu ba shi ne zaɓin farko na jam'iyyarsa ba. A Kaduna aka tsayar da Abdulƙadir Balarabe Musa, akanta, tsohon ɗan NEPU, mutumin da ba ya lanƙwasa.

Shi ma Malam sai da FEDECO ta nemi hana shi takarar shugaban ƙasa kan batun takardar haraji, kotu ta wanke shi dab da zaɓe.

An yi zaɓen gwamnoni ranar 28 ga Yulin 1979. A Kano babu wata fafatawa: Rimi ya ci da gagarumin rinjaye, PRP ta kwashe kusan dukkan kujerun majalisar jaha. Kaduna ce ta ba kowa mamaki. Mako guda kafin nan NPN ta ci kujeru 64 cikin 99 na majalisar jahar, PRP ta samu 16 kacal, amma sai ga Balarabe Musa ya kayar da Lawal Kaita na NPN. Jahar Kano ta lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, Kaduna kuma ta haɗa da Katsina da Daura. Ke nan iyakar da ta tashi daga wajen Jibiya har ta wuce Maigatari, maƙwabtan Maraɗi da Damagaram na kai tsaye, ta koma hannun gwamnonin Malam Aminu, a daidai lokacin da Nijar ke ƙarƙashin mulkin soja na Seyni Kountché.

A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta Malam ya samu ƙuri'a miliyan 1.7, sama da kashi 10 cikin ɗari, mafi yawansu daga Kano, inda ya ci fiye da kashi 76. Ƙarfin nan nasa ne ya jefa ƙasar cikin shahararriyar gardamar lissafi. Doka ta ce sai ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jahohi 19. Alhaji Shehu Shagari ya samu a jahohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a kashi 19.94. Hukumar zaɓe ta ce kashi biyu cikin uku na 19 ba 13 ba ne, 12 ne da sulusi biyu, don haka abin da ya samu a Kano ya wadatar. Kotun ƙoli ta amince.

Santsi da Taɓo

Gwamnonin biyu sun fara da abin da NEPU ta shekara kusan talatin tana nema. Suna hawa mulki a Oktoban 1979 suka soke haraji da jangali. Ba kuɗin kaɗai aka ɗauke wa talaka ba, an cire wa dagaci da hakimi sandar da suke dukansa da ita. A 1980 suka mayar da ranar 1 ga Mayu hutun ma'aikata, tun kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, da jaridar Triumph, ya kai wutar lantarki garuruwa da dama. A ido, alƙawari na cika.

Ɓarakar ta fito ne daga wani taro. Wasu daga cikin gwamnonin da ba na NPN ba, biyar na UPN ta Cif Obafemi Awolowo, biyu na GNPP, da biyun PRP, suka riƙa haɗuwa lokaci-lokaci da sunan gwamnonin ci gaba su tara. Uwar jam'iyyar PRP ta umarci nata su daina zuwa. Suka ƙi. A 1980 aka kore su daga jam'iyyar. Su kuma ba su tafi ko'ina ba, suka ja nasu ɓangaren ƙarƙashin tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu, suka ce su ne PRP ta gaskiya. Mutanen Kano suka raɗa wa ɓangarorin suna: ƴan Santsi, waɗanda suka zame, su ne na gwamnoni, ƴan Taɓo, waɗanda suka kafe, su ne na Malam.

Kowane ɓangare na da hujjar da ba ta wasa ba ce. Ƴan Taɓo na ganin talakan Kano mabuɗi ya dangwala wa, fuskar Malam ya zaɓa, da yawa ba su ma san Rimi ba sai da aka ɗaga hannunsa. Wanda aka ara wa riga ba ya gaya wa mai ita yadda za a sa ta. Suna kuma zargin cewa taron gwamnonin gada ce da Awolowo ke ginawa don shiga Arewa a 1983. Ƴan Santsi na ganin NPN ita ce NPC da ta sake riga, kuma duk wanda ke yaƙarta abokin tafiya ne. Sun zargi wasu na kusa da Malam da neman shiri da gwamnatin Shagari, kuma sakataren jam'iyyar na ƙasa, S. G. Ikoku, wanda ya yi wa Malam mataimaki a takarar 1979, daga baya ya koma NPN ɗin. Sun kuma ce gwamnan da jama'a suka zaɓa rantsuwa ya yi wa jaha, ba ɗan aiken ofishin jam'iyya ba ne.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba. Tsoffin ƴan gwagwarmaya da suka kwana a kurkuku saboda NEPU sun wayi gari suna zaman jira a ƙofar ofishin yaran da ba a haifa ba, ko suna goye, lokacin da ake dukansu. Muƙami da kwangila suna hannun gwamna, jam'iyya kuwa ba ta da komai sai sunan Malam da ikon bayar da tikiti. PRP ba ta da wata hanya da kowa ya yarda da ita ta komawa ga ƴaƴanta a tambaye su wa suke so. Mutumin da tacewar 1951 ta hana wa nasara ya tsinci kansa a jam'iyyar da ƴan tsiraru a sama ke yanke hukunci, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Ba don son mulki ba, babu wanda ya san shi da wannan. Jam'iyyar ce aka gina a kan mutuncin mutum ɗaya, sai ya zama duk wanda ya saɓa wa kwamiti kamar ya saɓa wa Malam ne.

Shekarar 1981 ta zo da ɗaci. A Kaduna, majalisar da NPN ke da rinjaye ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin Balarabe Musa, ya yi mulki babu kwamishina ko ɗaya, har ta tsige shi ranar 23 ga Yuni. Shi ne gwamnan farko da aka tsige a tarihin Najeriya, kuma ya faɗi ne jam'iyyarsa na rabe biyu. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi.

A Kano, gwamnati ta ɗaga darajar wasu masarautu irin su Gaya, Rano da Dutse don rage faɗin ikon Sarkin Kano, sannan ranar 7 ga Yuli ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar Juma'a 10 ga wata gari ya kama da wuta. An ƙona gidan rediyon jaha, da ofishin Triumph, da majalisar dokoki, da ma'aikatu. An kashe Dakta Bala Muhammad, malamin jami'a kuma mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Ɓangaren gwamna ya ɗora alhakin a kan abokan hamayyarsa. Gwamnan farar hula ya tuhumi Sarkin Kano a rubuce, abin da ɗan NEPU na 1953 ko a mafarki bai hango ba, amma ranar da hakan ta faru magadan NEPU ba sa ga maciji da juna. Kafin ƙarshen shekarar majalisar jaha, wadda ke tare da Rimi, ta tsige mataimakin gwamna Ibrahim Bibi Faruk, wanda ya tsaya a ɓangaren Malam, aka maye gurbinsa da Abdu Dawakin Tofa.

Zaɓen da bai gani ba

Hukumar zaɓe ce ta raba gardamar, ba ƴan jam'iyya ba. FEDECO ta amince da ɓangaren Malam a matsayin PRP mai rajista. Ma'anar wannan a fili take: mabuɗi na hannun Taɓo, kuma Rimi ba zai samu tikitin neman wa'adi na biyu ba. Shi da abokansa suka nemi yi wa sabuwar jam'iyya mai suna PPP rajista, hukumar ta ƙi. Ba shi da zaɓi sai ya nemi inuwar wata daga cikin masu rajista, ya faɗa NPP ta Dakta Nnamdi Azikiwe, jam'iyyar da ƙarfinta ke ƙasar Ibo da Filato, ba ta da saiwa a Kano. Balarabe Musa bai bi shi ba, ya ci gaba da zama ɗan PRP har rasuwarsa a 2020.

Malam kuwa ya shirya sake neman shugabancin ƙasa, ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya, abin da babu wata babbar jam'iyyar da ta yi a lokacin. Bai kai ga zaɓen ba. Ya rasu a gidansa ranar Lahadi 17 ga Afrilun 1983, yana da shekara 62. Ɗimbin jama'a suka yi masa salla, aka binne shi a cikin gidan, wanda ake kira gidan Mambayya. Khalifa Hassan Yusuf ya gaji takararsa.

A farkon watan Mayu Rimi ya yi abin da ba a saba gani ba, har yau ma ba a cika gani ba: ya sauka daga kujerar gwamna, bisa hujjar cewa da tikitin PRP aka zaɓe shi, bai dace ya ci gaba da zama a kai yana wata jam'iyya ba. Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Ya shiga kamfe da ayyukan da zai nuna, da matasa, da ƴan boko, da iya magana.

PRP ta fito da kishiyarsa ta kowace fuska. Sabo Bakin Zuwo, haifaffen 1934, ɗan birni ne da ya girma a cikin NEPU, ya shiga lakwal da girmansa, ya ci kujerar majalisar dattawa a 1979, ya kuma tsaya da Malam lokacin da gwamnati da kuɗi suke ɗaya ɓangaren. Ya iya magana da Hausar kasuwa a rediyo, ya iya mayar da ba'ar da ake yi masa ta zama abin so. Kamfen ɗinsa bai buƙaci dogon bayani ba. Ga mabuɗi, ga kabarin da bai gama bushewa ba, ga kuma mutumin da ake cewa ya ɓata wa Malam rai a ƙarshen rayuwarsa. Fada da ƴan kasuwar birni ma ba su manta da takardar 1981 ba. Rimi ya faɗi. A Kaduna kuwa Lawal Kaita na NPN, wanda ya sha kaye a 1979, shi ya ci.

Sabo ya hau mulki ranar 1 ga Oktoba. Ya rushe sabbin masarautun da Rimi ya ɗaga, ya rufe silimar Palace ya mayar da ita asibitin haihuwa. Wata uku ya yi cif. Ranar 31 ga Disamban 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari, Janar Muhammadu Buhari ya hau, aka haramta jam'iyyu duka. Kotunan soja suka ɗaure Sabo da Rimi, kowa da nasa shekarun, kafin a sake su a zamanin Janar Babangida. Sabo ya rasu a 1989, Rimi a 2010.

An sa wa filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin sunan Malam Aminu, gidan Mambayya kuma ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Sunayen Santsi da Taɓo ma sun rayu bayansa. Da Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu, ɓangarorin suka tsinci kansu a gida ɗaya, SDP, suka sake kaurewa a kan fidda ɗan takarar gwamna a 1991. SDP ce ta fi yawan kujeru a majalisar dokokin jahar, amma a zaɓen gwamna na watan Disamba ƙuri'un waɗanda aka ɓata wa rai suka tsallaka, Kabiru Gaya na NRC ya zama gwamnan Kano.